Likkafanin Zailani

Duk wanda ya saba bin titi na 116 a Harlem ya san Malam Idrissa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai baƙin tabarau da farar sanda, wanda kullum waya na kusa da kunnensa, yatsansa na shafa gilashinta kamar mai lallashin kyanwa. Baƙo in ya gan shi sai ya ce, "Allah sarki, makaho da waya, me zai gani a ciki?" To ba gani yake ba, ji yake.

Mutumin Damagaram ne. Ya sauka New York tun gashinsa na baƙi. Ya sayar da lema a bakin tashar jirgin ƙasa ranar ruwa, ya sayar da tabarau ranar zafi, har Allah ya hore masa keken ɗinki da wani lungun shago, tsakanin mai gasa nama da wata 'yar Senegal mai kitso. Babbar riga, kaftani, kayan sallar yara, duk yana yi. Amma aikin da aka fi saninsa da shi ba na neman abinci ba ne. In Bahaushe ya rasu a garin nan, ko a Bronx ko a Brooklyn, Idrissa ake kira ya yanka likkafani. Akwai na kanti fa. Masu shirya gawa suna da shi a naɗe cikin leda kamar zanen gado, awo ɗaya ga kowa. Idrissa ya tsani abin nan.

"Mutum ya sha sanyin ƙasar nan shekara da shekaru," in ji shi, "a ce rigarsa ta ƙarshe ma ba za a auna shi ba?"

Shi ba ya awon gawa da tef. Da kamu yake yi, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, yadda ya ga mahaifinsa na yi. Ya ɗan tsaga bakin alawayyo da almakashi, ya ja da hannu biyu, ƙyarrr, ya tafi tsaf kamar an ja layi.

Babban abokinsa a duniya Alhaji Zailani ne, direban tasi, Bakano, dogo kamar falwaya. Ga wasan nan na Kanawa da Damagarawa, su biyun suka ɗauko shi tun daga gida suka ƙetaro teku da shi. Zailani ba ya sallama a shagon nan.

"Bawana! Ka gama min rigar ko sai na kai ka kasuwa?"

"Ji shi. Wa zai sayi Badamagare a hannun Bakano? Mu da kakanninku ke jin ƙarar dawakinmu su shige buhun gyaɗa."

"Ƙarya kake, yunwa ce ta kawo ku. Har yau ita ce."

Wata rana sun dawo daga binne wani bawan Allah da iyalinsa suka yi gaggawa aka sa shi a na leda. Zailani ya zauna a bencin shago ya miƙe ƙafafun nan nasa har bakin ƙofa. Can ya ce, "Kai, bawana. In na riga ka, kai za ka yi min. Kar ka bari a cusa ni a ledar nan ƙafafuna a waje kamar rake a bayan kura."

"Tsawonka asarar yadi ne," in ji Idrissa. Amma ya tashi ya ce Zailani ya miƙe. Ya auna shi nan take, daga tsakar ka har tafin ƙafa, Zailani na zaginsa. Washegari ya sayo alawayyo mai kyau, ya naɗe ya sa a ƙasan akwati.

Da Zailani ya ji labari ya ce, "Wato har ka shirya? Mugun Badamagare. Sai na ci sadakar ukunka."

Daga baya hawan jinin ido ya kama Idrissa. Bai zo da ciwo ba, ya zo da sata. Gefe-gefe ya fara ɗauka, har duniya ta koma kamar yana leƙen ta ta kafar allura, sannan kafar ma ta toshe. Ya bar shagon. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa Nuriyya kuma nas ce a wani asibiti a Staten Island, can St. George take zaune da mijinta, sai ta hau jirgin ruwa kafin ta zo ganinsa.

A nan ya ga halin mutanenmu, shi da ba ya gani. Masu zuwa dubiya sai su riƙa ɗaga murya kamar kunnen ne ya mutu. Yana zaune, a gabansa, a juya a tambayi Nuriyya, "Ya jikin nasa? Yana dai cin abinci?" A cika ɗaki da "sannu," a ajiye lemo, a fita. Mutumin da ya ɗinka wa rabinsu kayan aure ya zama tulun da ake kewayewa a ce kar a fasa. Zailani kaɗai bai canza ba. Shi da ya shigo cewa ya yi, "To madalla, yanzu ko na ɗauke maka nama a kwano ba ka da shaida."

Nuriyya ce ta gaji ta ja shi wata cibiyar makafi a Manhattan. Malamar da ta koya masa ita ma makauniya ce, kuma tun daga ranar farko har ya gama ba ta taɓa tausaya masa ba, abin da ya sa ya so ta ke nan. Ta kunna masa muryar da ke cikin wayar. Ka shafa, ta faɗa maka abin da yatsanka ya taɓa. Ka ƙwanƙwasa sau biyu, ta buɗe. Da fari ya so ya jefa wayar a tukunyar miya. Muryar Turanci in ta kama karanta Hausa sai ka ce an ba akuya goro. Ya mayar da ita ta Faransanci, ya ji da dama-dama, ya zauna ya koyi karkatacciyar Hausarta kamar yadda ake koyon maganar jariri.

Kafin a ce me, Idrissa ya dawo titi. Wayar ke gaya masa bas ta kusa, ita ke gaya masa tashar da jirgi ya tsaya, ita ke karanta masa sunan magani a jikin kwalba, ita ke kamo masa rediyon Damagaram. Ya koma yankan likkafani ma, don kamu bai taɓa buƙatar ido ba.

Turawan da suka ƙera wayar sun tuna da makaho. Saura 'yan'uwansa.

Ƙungiyar Hausawan unguwar tana da zaure a waya, guruf, inda ake sanar da komai: suna, ɗaurin aure, rasuwa. Da, mutum sai ya rubuta layi biyu ko ya yi saƙon murya. Sai aka zaɓi Faruƙ sakatare. Yaro ne ɗan gayu, ma'aikacin ofis, ba mugu ba, amma Allah ya jarrabe shi da manhajar haɗa fosta. Tun daga ranar ba a ƙara sanar da komai da baki ba. Haihuwa fosta, aure fosta, mutuwa fosta: hoton mamaci a tsakiya, furanni kewaye da shi, rubutun zinare mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar taliya, ga sunan Faruƙ a kusurwa don kar a manta wa ya yi. Mutum ya mutu ko wanka ba a yi masa ba, ana can ana zaɓar masa launin fure. Jama'a kuma ba mai iya buga "Allah ya ji ƙansa" da yatsansa. Sai sitika. Kowa na da rumbun sitika, ya danna ya wuce, ya sauke farali.

Rubutu in a fili yake, wayar Idrissa tana iya tsinto shi ko a cikin hoto ne. Amma taliyar zinaren Faruƙ a kan furanni ta fi ƙarfinta. Iyakar abin da take cewa shi ne, "Hoto. Mutum da hula. Furanni." Wane Bahaushe ne ba shi da hula? Daga nan sai, "Sitika. Sitika. Sitika."

A taron wata, a ɗakin ƙasa na masallaci, Idrissa ya miƙe da sandarsa.

"Jama'a, ba kuɗi na zo roƙo ba. Ku yi fostarku, ban hana ba. Amma a ƙasanta a rubuta layi biyu, wane ne, me ya faru, ina za a taru. Ko mutum ya buɗe baki ya faɗa. Salulata tana karanta rubutu, ba ta karanta fure. Kuma ba ni kaɗai ba ne, akwai tsofaffi a nan da sai sun ba jikoki sun duba musu."

Aka ce Allahu Akbar. Aka ce wallahi Baba ya yi gaskiya. Faruƙ har da dafa ƙirji: "In sha Allahu Baba, daga yau an gyara."

Kwana kaɗan wayar ta ce, "Hoto. Mutum da hula da tabarau. Furanni." Sitika ta biyo kamar ruwan sama. Ya tura wa Nuriyya ya ce ta duba masa wa ya mutu.

"Baba, kai ne."

"Ni na mutu?"

"A'a. Hotonka ne a taro. An rubuta, Mu Tallafa wa Nakasassunmu, Ƙungiya Ta Damu da Ku."

Wato roƙon da ya yi a daina fosta, shi aka yi wa fosta. Zailani ya yi dariya har da tari. "Bawana ka yi suna! Saura a buga ka a jikin bas."

Ƙoda ce ta kwantar da Zailani. Ya ajiye tasi, ya shiga zaryar wankin ƙoda, daga baya aka riƙe shi a wani asibiti a Bronx. Kullum da safe sai ya aiko saƙon murya, muryar na ƙara sirancewa amma bakin na nan. "Badamagare, ina nan ban tafi ba, kar ka taɓa min yadi." Idrissa ya mayar masa da wadda ta fi ta. Sai wata safiya saƙo bai zo ba. Ya kira, waya a kashe. Ya ce ko barci ne.

Washegari da hantsi yana shan shayi wayar ta fara rawa a kan tebur. "Hoto. Mutum da hula. Furanni. Sitika. Sitika. Sitika." Ba ta tsaya ba. Irin wannan ambaliya abu uku ke kawo ta, aure, haihuwa, ko mutuwa, kuma a kunnensa duk ɗaya suke. Ya ajiye kofin. Ya danna ya yi magana a guruf ɗin.

"Salamu alaikum. Idrissa tela ne. Don Allah me ya faru? Wane ne a hoton?"

Wayar ta gaya masa mutane sun saurara. Da yawa ma. Amsar da ta zo: "Sitika. Sitika." Kowa ya ji muryar tsohon, kowa ya san wa Zailani yake a wurinsa, kowa ya ce ba da bakina ba, wani ya faɗa.

Ya kira Faruƙ, ta yi ta ringi. Ya tura wa Nuriyya hoton, ya san tana bakin aiki wayarta na kulle a loka. Ya kira lambar Hajiya Zalika, matar Zailani. Wata mata ce ta ɗauka, bai san muryarta ba, a bayanta yana jin gunjin mata.

"Malam Idrissa? To... jikin dai ya ɗan matsa. A taya mu da addu'a."

Ya san maganar nan. Shi da kansa ya sha faɗa wa mutane ita. Ya ce, "Baiwar Allah, ni ba yaro ba ne. Ya cika?"

Ya ji an rufe bakin wayar da hannu, ya ji wata na raɗa, "Makahon nan ne, yana da hawan jini, kar ki gaya masa a waya."

"A'a Malam, kwantar da hankalinka. Addu'a dai." Ta kashe.

Ya zauna ya yi lissafi irin na mai hankali. In Zailani na da rai, yana asibiti. In ya cika, har yanzu yana asibiti, don ba a taɓa shirya gawar Bahaushe a garin nan ba a kira Idrissa ba, balle wannan. Kowa ya san alkawarin, Zailani ya sha ba da labarinsa a majalisa. Ya durƙusa ya jawo akwatin, ya laluba ƙasa, ya zaro alawayyon, ya sa almakashi a aljihu. Ya fito, sanda na gaba. Ya wuce ta ƙofar masallacinsu, ya ji motoci sun ɗan fi na kullum yawa, wani ma ya ce masa "Sannu Baba" da wata irin murya, ya kauce masa a hanya. Ya gangara tasha ya hau jirgin Bronx.

A asibiti matar da ke tebur ta tambaye shi ko shi ɗan'uwa ne. Ya ce ya fi ɗan'uwa. Ta ce ba ta da wannan a tsarinsu, ta yi haƙuri, ba za ta iya gaya masa komai ba, amma ya zauna ta nemo wani. Ya zauna da yadin a cinya. Ya daɗe a nan. Sai wayar ta kira sunan Nuriyya.

"Baba kana ina?"

"Karanta min."

Ya ji ta ja numfashi. Yarinyar da Zailani ya yi wa huɗuba, ya ɗauko ta daga asibiti a tasinsa tana jaririya. Ta karanta a hankali, Hausarta na tuntuɓe. Alhaji Zailani. Tun jiya da yamma. Jana'iza yau bayan Azahar, a masallacinsu na Harlem. Daga nan maƙabarta a New Jersey.

Masallacin da ya wuce ta ƙofarsa ɗazu. Zailani na ciki a lokacin.

Bai san yadda ya sauka matakalar tasha ba. Jirgi ya yi ta tsayawa a kowace tasha kamar da gayya. Yana ƙarƙashin ƙasa wayar ta kira sallar Azahar daga aljihunsa, wata mata a kusa da shi ta matsa. Ya ƙara rungume yadin.

Ko da ya iso, bakin masallacin ya yi fayau. Ba mota, ba hayaniya, sai ƙanshin turaren gawa da bai gama bajewa ba. Ya ji ƙamshin wani turaren daban, mai tsada, ya gane shi.

"Faruƙu."

"Baba! Innalillahi. Sannu Baba, ya haƙuri? Yanzun nan suka tashi. Ni ma ofis zan koma, ban samu binsu ba."

"Da me aka suturta shi?"

"Ai masu shiryawar suna da nasu, Baba. Mai kyau ne, a leda."

"Ya isa?"

"An... an ɗan ƙara wani ƙyalle ta wajen ƙafa."

Idrissa ya matso kusa da shi.

"Me ya hana a kira ni?"

"Wallahi Baba an saka a guruf tun da safe. Kuma manya suka ce kar a wahalar da kai, ga lalurarka." Yatsun yaron na ta ƙwas-ƙwas a gilashi, bai ma daina ba. "Yauwa Baba, tunda Allah ya kawo ka. Ina haɗa fostar sadakar uku ne, hoton da na samu bai fito sosai ba. Ko kana da wani mai kyau na marigayin a wayarka?"

Idrissa ya juya fuskarsa inda muryar take. Akwai zagin Damagaram da ya dace da wurin nan, amma wanda ya cancanci jin sa ya yi dariya yana bayan mota a hanyar New Jersey, ƙafafunsa a ɗaure da ƙyalle. Ya tofar da yawu a gefen titi, ya sa sandarsa gaba.

Da la'asar Nuriyya ta ƙetaro, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta same shi zaune a bakin gado, yadin na gefensa, shayin safe na nan a kofi. Ta fara kuka, ya ce ta bari tukuna. Ya ɗauki wayar, ya shafa har ta ce kyamara. Ya ɗora babban yatsansa ya toshe idon kyamarar, ya ƙwanƙwasa ta ɗauki hoto. Ya tura a guruf, ba ko kalma.

"Me ka tura, Baba?"

"Abin da suke turo min. Duba ki gani."

"Baƙi ne kawai. Ba komai."

"To. Bari mu ji wa zai tambaya."

Ba a jima ba wayar ta fara rawa. "Sitika. Sitika. Sitika."

"Me suka ce?"

Nuriyya ta duba tata. Ta sake dubawa.

"Wannan ya ce Amin. Wannan Masha Allah. Wannan hannu biyu ne na addu'a. Faruƙ ya sa babban yatsa." Ta ja ƙasa. "Baba, ba wanda ya tambaya."

Ya ja tsaki mai tsawo. Ashe su ma ba dubawa suke ba. Shekaru yana zaton ido ne ya raba shi da su.

Ya kife wayar a kan gado tana ta rawarta. Ya miƙe ya ware alawayyon, ya ce ta riƙe masa baki ɗaya. Ya fara awo, gwiwar hannu zuwa yatsa, gwiwar hannu zuwa yatsa, leɓensa na motsi. Ya wuce inda tsawonsa ya ƙare, ya ci gaba har inda na Zailani ya tsaya. Ya tsaga da almakashi, ya ja. Ƙyarrr.

"Baba, wa za ka yi wa? An riga an..."

"Nawa ne. Zai yi min yawa, ku naɗe ragowar a ƙafa, kar ku yanke." Ya laluba ya kamo bakin yadin don falle na biyu. "Kuma ranar, ki ɗauki lambobin mutane ki kira su ɗaya-ɗaya, ki faɗa da bakinki, Idrissa tela ya mutu. Wanda ya ce ki turo hotona, ki ce makaho ne, bai bar hoto ba. Ja da kyau, kin saki."